Yadda ake neman kujerar ɗan majalisar jiha daga karkara, da yadda ake riƙe ta

Duk kakar zaɓe sai an samu matasan da za su zo mini da maganar fitowa takarar majalisar jiha, kuma yawanci tambayarsu ta farko ita ce nawa ake buga fasta. Na daɗe ina haɗa wa 'yan takara tafiya a ƙauyukan Kano da Jigawa, wasu sun ci, wasu sun sha ƙasa, amma ban taɓa ganin wanda fasta ta kai majalisa ba. A wuri biyu ake cin wannan kujera: zauren da shugabannin jam'iyya na mazaɓa suke zama, da rumfar da ake rubuta sakamako. A kansu zan fi tsayawa.

Abin da za ka tanada kafin ka buɗe baki

Takardu ne farko: ta kammala sakandare, ta haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, shaidar ƙaramar hukumarka, katin jam'iyya da katin zaɓe. Jam'iyya kan nemi shaidar biyan haraji a wurin tantancewa, to ka neme ta da wuri. Ka baje su a tabarma ka duba suna da ranar haihuwa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ce cutar da ta fi kama mu mutanen karkara: a firamare an rubuta yaro da sunan mahaifinsa, a sakandare an liƙa masa sunan garinsu, a katin zaɓe kuma laƙabi ya shigo. Idan ka ga saɓani, ka kai wa lauya tun ba a kaɗa gangar siyasa ba. A Fabrairun 2020 Kotun Ƙoli ta ƙwace nasarar David Lyon a Bayelsa ana jajibirin rantsar da shi gwamna, saboda rikicin sunaye a takardun mataimakinsa. Wanda ya ci jiha sukutum bai tsira ba, balle kai.

Sai abin karantawa: tsarin mulkin 1999, dokar zaɓen da ke aiki a lokacin, jadawalin INEC, da tsarin mulkin jam'iyyarka. Kwanakin da zan ambata daga dokar zaɓe ta 2022 suke, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita. Majalisar tarayya takan yi wa dokar zaɓe kwaskwarima, don haka jadawalin shekararka shi ne alƙali.

Ka sayi babban littafi mai kauri, irin na 'yan kasuwa. Ka nemi mutum huɗu: lauyan da ya san shari'ar zaɓe, ma'ajin da ba ya jin kunyar ce maka babu, mace mai baki a cikin mata, da mai babur da ya san kowane burtali. In ba ka da mota, kada ka ci bashinta. Da damina ma babur ya fi ta amfani.

1. Tabbatar doka ta yarda da kai

Sashe na 106 na tsarin mulki ya ce ka zama ɗan Najeriya, mai shekara 25 (da 30 ne, a 2018 aka rage), mai ilimin sakandare ko makamancinsa, kuma jam'iyya ta tsayar da kai. Babu takarar kai-da-kanka.

Idan ba ka da takardar sakandare, kada ka kuskura ka sayi ta bogi, don ita kaɗai ta isa ta raba ka da kujera bayan ka ci. Sashe na 318 ya buɗe wasu ƙofofi. Takardar malanta mai daraja ta biyu tana shiga. Haka ma takardar firamare, in an haɗa ta da aikin shekara 10, da kwasa-kwasan da suka kai shekara guda, da iya karatu da rubutun Turanci yadda INEC za ta gamsu. Amma in akwai sauran lokaci, ka zauna jarrabawar NECO ko WAEC ta 'yan waje ka huta da surutu.

Ma'aikacin gwamnati sai ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin zaɓe. Mai muƙamin siyasa, irin masu ba gwamna shawara, dokar 2022 ta hana shi shiga zaɓen fidda gwani yana kan kujera. Ka riƙe kwafin takardar ajiye aikin mai hatimi da kwanan wata, kuma ko albashi ya shigo bayan nan kada ka taɓa shi.

2. Zuba yankinka a cikin littafi

Kano tana da ƙananan hukumomi 44 amma kujerunta 40 ne, saboda tsarin mulki bai yarda majalisar jiha ta wuce 40 ba. Shi ya sa aka haɗe wasu, kamar Kura da Garun Malam, Rimin Gado da Tofa, Bagwai da Shanono. Jigawa akasin haka ce: ƙananan hukumomi 27, kujeru 30, don haka Bulangu, Fagam da Kanya kowace da kujerarta. Wannan yana da tasiri a kanka. Inda aka haɗe gari biyu, da wuya ka rasa wata tsohuwar yarjejeniyar karɓa-karɓa da ba a rubuta ba. Ko a cikin ƙaramar hukuma ɗaya, dattawa sukan ce in ciyaman ya fito daga gabas, ɗan majalisa sai yamma. Ka bincika ko yayin ɓangarenku ne. In ba naku ba ne, za ka iya fitowa, amma ka san da tudu za ka yi kokawa.

A littafin nan, kowace mazaɓar kansila ka ba ta shafukanta. Ka jera rumfunanta, yawan masu rajista, da sakamakon zaɓuka biyu da suka wuce. Ofishin jam'iyya ko tsofaffin ejan-ejan sukan ajiye kwafi. Gaban kowace rumfa ka rubuta sunan mutumin da in ya yi magana ake ji. Sau da yawa ba mai kuɗin garin ba ne. Yakan zama sarkin noma, ko malamin makarantar allo, ko mai injin niƙa, ko ungozoma.

3. Gaisuwa, bisa tsari

Daga gida ake farawa. Wanda 'yan ɗakinsu suka ji labarin takararsa a rediyo ya jawo wa kansa abin gori har ranar zaɓe. Bayan dangi sai liman, mai unguwa, dagaci, hakimi. Kalma ɗaya ce za ka kai musu: "Ranka ya daɗe, ɗanka ne ya zo neman albarka." Kada ka nemi su bayyana goyon baya. Iyayen kowa ne, kuma gwamnati na iya dakatar da basaraken da aka gani tsundum cikin siyasa. Addu'arsu ta wadatar, ɗaukar hoto da su ana ɗaga hannu kuwa cutar da su ne.

Daga nan sai jagoran jam'iyya na ƙaramar hukuma. Ka je da kanka, kada ka aika.

4. Shiga jikin shugabannin mazaɓa

Nan ne aikin yake, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Shekara biyu kafin zaɓe ya kamata a ce ciyaman na kowace mazaɓa, da sakatarensa, da shugabar mata, da shugaban matasa, sun san fuskarka ba tare da an gabatar da kai ba. Ba kuɗi nake nufi ba tukuna. Ta'aziyya, suna, ɗaurin aure, dubiya a asibiti, kuɗin hayar ofishin jam'iyya in ya ƙare, tabarmin zaman taro. Wanda ya ɓullo wata uku kafin zaɓe da jakar kuɗi, za a karɓa a yi masa kirari, a zaɓi wanda aka saba da shi.

Ka tabbatar sunanka yana cikin rajistar jam'iyya ta mazaɓarka, ba kati kawai ba, domin dokar 2022 ta wajabta wa jam'iyya miƙa rajistar ga INEC kwana 30 kafin fidda gwani. Sa'annan ka sa ido a kan zaɓen shugabannin mazaɓu. Sababbin shiga sukan raina shi, alhali a ranar ne ake yanke rabin hukuncin tikiti. Wanda mutanensa suka hau kujerun mazaɓa, shi ne zai yi tasiri wajen rubuta sunayen daliget, kuma ko ƙato-bayan-ƙato za a yi, su ne masu riƙe da rajista da tara jama'a.

Wata shawara da ba kowa ke son ji ba: in ka ga jam'iyyarka ta rabu gida biyu, kowane ɓangare da ofishinsa, ka tsaya ka gano wanda uwar jam'iyya ta ƙasa ta amince da shi kafin ka kashe sisi. A 2019 APC ta lashe Zamfara, amma Kotun Ƙoli ta ce ba ta yi sahihin zaɓen fidda gwani ba, ƙuri'unta duka suka tafi a banza, har da na 'yan majalisar jiha waɗanda ba su suka haddasa rigimar ba.

5. Fom da zaɓen fidda gwani

A 2022 APC ta sayar da fom ɗin majalisar jiha naira miliyan 2, PDP kuma naira 600,000, kuma dukansu sun yi wa mata da matasa rangwame. Kuɗin fom shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da za ka kashe. Dokar 2022 ta ƙayyade naira miliyan 30 a matsayin iyakar abin da ɗan takarar majalisar jiha zai kashe. Ka raba abin da ke hannunka kashi uku: fidda gwani, kamfen, ranar zaɓe. Kason ƙarshe ka damƙa wa ma'aji, ko kai ka roƙa kada ya ba ka. Gonar gado kuma ba a sayar da ita don siyasa.

Hanya uku dokar 2022 ta tanada: ta daliget, ƙato-bayan-ƙato, da masalaha. A 2022 PDP ta yi amfani da daliget uku daga kowace mazaɓa, APC biyar. Ka lissafa: yanki mai mazaɓu 10 ke nan mutum 30 ko 50 ne suka yanke hukunci. Kowannensu ka same shi a gidansa shi kaɗai, ba a taro ba. A taro kowa naka ne. Kada ka gaskata rantsuwa, ka gaskata lissafi: wa ya kawo shi, wa yake bin bashinsa, wa ya aurar masa da 'ya.

Idan aka ce masalaha za a yi, ka sani dokar 2022 ta ce sai duk 'yan takarar da aka tantance sun sa hannu a rubuce cewa sun janye. Kada ka sa hannu a farar takarda. In za ka janye, ka janye a gaban shaidu bayan an faɗi abin da aka yi maka alkawari. Janyewa cikin mutunci ba faɗuwa ba ce, da yawa ta nan suka samu tikitin zango na gaba.

Ranar zaɓen, ka tabbatar jami'an INEC suna wurin, ka karɓi kwafin sakamako. In an yi maka ƙwace, kwana 14 kacal gare ka ka shigar da ƙara a Babbar Kotun Tarayya. Za a yi ta lallashinka da "a bari jagora ya dawo daga Abuja" har kwanakin su cika. Lauya ya shigar da ƙara, sulhu ya biyo baya.

In ka samu tikiti, za ka cike fom EC9 na bayanan ɗan takara da rantsuwar kotu. Abin da ba ka da takardarsa, kada ka rubuta shi.

6. Bi waɗanda ka kayar

Kafin rana ta faɗi washegari, ka kasance a ƙofar gidan kowannensu. Ka ba mutanensu gurbi na gaske a kwamitin kamfen. Zagon ƙasan 'yan gida ya fi kayar da ɗan takara a kan ƙarfin abokan hamayya.

7. Kamfen

A 2022 fidda gwani ya faɗo a watan Mayu, zaɓe kuma sai 18 ga Maris 2023, wato damina da kaka da rani duk suna cikin tafiyar. Da damina kada ka kira taro da hantsi, mutane suna gona. Bayan la'asar ko bayan isha'i ake samun su a dandali. Ranar kasuwa ta fi gangami araha: Alhamis a Maigatari, Lahadi a Gujungu ko Dambatta, Juma'a a Wudil, za ka gaisa da mutanen ƙauyuka goma a yini ɗaya. Masallaci kuwa doka ta hana kamfen a ciki. Ka yi sallarka ka fito.

Mata su ne suka fi jure layi, kuma ba a dandali ake samun su ba. Shugabar matanka da tawagarta su shiga gida-gida. Su riƙa tafiya da samfurin takardar ƙuri'a, domin ba hotonka ne a jiki ba, alamar jam'iyya ce. A koya wa tsofaffi inda za su dangwala da yadda za su naɗe takardar kada tawada ta taɓa wani gidan. Ƙuri'un da ke lalacewa ta haka sukan fi ratar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu a ƙaramin zaɓe irin wannan.

Rana ɗaya ake zaɓenka da na gwamna. In ɗan takararku na gwamna yana da farin jini a yankin, ka riƙa cewa a yi sak. In ba shi da shi, kada ka zage shi kuma kada ka yi ta rataya a wuyansa. Mutanenmu sun iya wake da shinkafa, ka bar su su yi.

Game da alkawari: kada ka ce za ka yi titi. Ɗan majalisa ba ya ba da kwangila. Ka ce za ka kai maganar, ka bi ta har ta shiga kasafi. Mutumin Auyo ko Guri da ambaliya da kacala suka hana shi noma ya sha jin alkawari, ya fi ganin girman wanda ya san sunan mashigar da ta toshe. Sojojin baka na rediyo suna da amfani, amma ka ja musu kunne, duk wanda suka zaga da sunanka kai zai riƙe. 'Yan jagaliya kuma kada ka ɗauka ko kyauta ne. Wanda ka saya wa ƙwaya yau, gobe a ƙofar gidanka zai tare.

8. Ejan da ranar zaɓe

Kowace rumfa ejan ɗinta ya zama ɗan wurin, mai ƙuri'a a wurin, wanda ya iya karanta lamba, kuma ba mai saurin fushi ba. Jam'iyya ce ke tura sunayensu da hotuna ga INEC kafin wa'adi, to ka bi sawu da kanka, don a nan ake cusa sunayen da ba ka sani ba. Ka tara su mazaɓa-mazaɓa ka koya musu aikin da kwafin takardar EC8A, wato ta sakamakon rumfa, a hannu:

Ya isa kafin ƙarfe 8:30. Ya ga an nuna akwati babu komai, na'urar BVAS mai tantance masu zaɓe kuma tana kan sifili. Ƙarfe 2:30 ake rufe layi, amma duk wanda ke kan layi sai ya yi zaɓe. Bayan ƙirge, ya duba adadin waɗanda na'ura ta tantance. In ƙuri'u sun fi su yawa, za a soke rumfar, don haka aringizo a rumfar da kake da ƙarfi kanka yake cuta. Ya tabbatar abin da aka rubuta da lamba ya dace da na kalmomi, ya sa hannu, ya karɓi kwafinsa, ya ɗauki hoton takardar, sa'annan ya bi akwatin har cibiyar tattara sakamako ta mazaɓa.

Abinci da ruwa a kai masa inda yake. Ejan ɗin da ya tafi cin abinci ko ya bi wani "mu je ka karɓi saƙo" ya bar rumfa a hannun Allah. Sallama kuma kashi biyu: rabi da safe, rabi in ya kawo kwafi. Inda babu sabis, mai babur ya bi ya tattaro takardun. In kuɗinka bai kai ka sa mutum a ko'ina ba, ka fara da manyan rumfuna da na lungu masu nisa, sauran ka jingina da ejan ɗin ɗan takarar gwamna.

A cibiyar mazaɓa da ta ƙaramar hukuma ka sa mutanenka mafi ilimi da taurin kai, da kalkuleta da fitila. Tsakar dare ake tattarawa, lokacin da kowa ya gaji, kuma a nan 17 kan zama 71. Sayen ƙuri'a laifi ne mai ɗauri, ban kuma ga ya hana wanda ya karɓa zaɓar son ransa ba. In ratar ba ta kai yawan katunan da aka karɓa a rumfunan da aka soke ba, baturen zaɓe zai ce bai kammalu ba. Mutanen Kano sun san inkonkulusib tun 2019. Ka rage wani abu a aljihu saboda shi.

9. Kotu

Kwana 21 daga ranar sanar da sakamako ake shigar da ƙara, kotun zaɓe tana da kwana 180, ɗaukaka ƙara 60. Shari'ar majalisar jiha a Kotun Ɗaukaka Ƙara take tiƙewa. 'Yan majalisar Filato 16 na PDP da ta sauke a 2023 ba su da inda za su je, alhali gwamnansu ya kai Kotun Ƙoli ya dawo da kujerarsa. Ko kai ka ci, ka adana kowane kwafin EC8A.

10. Zama a majalisa

Kafin rantsuwa za ka bayyana kadarorinka ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata. Ka rubuta gaskiya, har shanun da ke wurin Fulani. Zaman farko shi ne zaɓen kakaki, kuma gefen da ka tsaya yakan yi tasiri a kan kwamitin da za ka samu. Ka nemi wanda ya shafi ciwon yankinka: noma, ruwa, lafiya, ilimi ko ayyuka.

Ka haddace littafin ƙa'idojin zama, ka yi abota da akawun majalisa da ma'aikatansa, su suka san yadda ake tsara takarda. Ƙarancin Turanci kada ya sa ka zama ɗan ɗumama kujera, sashe na 97 ya ba majalisa damar yin aiki da harshen jiha in ta amince. Ka bambance abu biyu. Ƙudirin kira ga gwamnati shawara ce, ba ya tilasta kowa, ko da yake yana da daɗin ji a rediyo. Doka kuwa sai ta bi karatu uku, gwamna ya sa hannu cikin kwana 30, in ya ƙi sai kashi biyu bisa uku na majalisa su tabbatar da ita. Gada ko asibitin da kake so, ba ranar da gwamna ya kawo kasafi ake nemansa ba. Tun tsakiyar shekara, lokacin da ma'aikatu suke haɗa nasu, za ka fara zarya wurin kwamishina da babban sakatare. Bayan ya shiga kasafi kuma sai bin a saki kuɗin, wanda shi ne mafi wuya.

Majalisa tana zama aƙalla kwana 181 a shekara, kuma fashin da ya wuce kashi ɗaya bisa uku ba da dalili ba yana iya cin kujerarka. Haka sauya sheƙa in jam'iyyarka ba ta dare ba. Kiranye yana buƙatar sa hannun fiye da rabin masu rajista, shi ya sa ba a cika jin ya yi nasara ba. Kiranyen da ya fi kama 'yan majalisa shi ne na daliget bayan shekara huɗu.

Ƙofar gidanka za ta cika da takardun asibiti, kuɗin makaranta da katin biki. Ba za ka iya da kowa ba, kuma ɓuya a Dutse ko cikin birnin Kano ba magani ba ne. Ka buɗe ofis a yankin, ka tsayar da ranar da ake samunka, a riƙa rubuta wanda ya zo da abin da aka yi masa, mazaɓa-mazaɓa, don kada alherin ya taru a garinku kaɗai. Kada ka canja lambar waya.

11. Zango na gaba

Ɗan majalisa ba shi da iyakar zango, kuma kujerar tana iya zama tsani. Kabiru Alhassan Rurum daga kakakin majalisar Kano ya wuce majalisar wakilai a 2019, Hamisu Chidari ma haka a 2023. In kana hangen Abuja, ka tuna mazaɓar tarayya takan haɗa ƙaramar hukuma biyu ko uku, don haka gaisuwa da ta'aziyya a maƙwabta tun shekara ta biyu ake fara su. In kuma komawa kujerarka kake so, ka ɗauko littafin nan, ka sabunta sunayen waɗanda suka rasu ko suka sauya jam'iyya, ka tambayi sakataren jam'iyya yaushe wa'adin shugabannin mazaɓu zai ƙare.